Maigida, a Hannunka Ledar Nan Ke Shigowa Gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana magidanta na birnin Katsina da kewaye. Ni tsohon duba-gari ne. Na kama aiki tun muna ƙarƙashin Jihar Kaduna, kafin a yanka mana tamu jihar a 1987, kuma har na ajiye aiki ban san wata sana'a ba sai leƙa randa da masai da kwata da mayanka. Idan na yi maganar abin da ke cikin gidajen mutane, da idona na gani.

Abin da ya tayar da ni shi ne, duk sanda aka kunna rediyo ana shirin lafiyar iyali ko tsaftar muhalli, mata ake yi wa huɗuba. Uwargida ki rage gishiri. Uwargida ki daina ƙulla tuwo a leda. Uwargida ki kula da ruwan da yara ke sha. To jama'a, wa ke yin cefane a garin nan? A yawancin gidajenmu namiji ne ke shiga kasuwa, ko ya aiki yaro da kuɗi ya lissafa masa abin da zai sayo. Abin da ya wuce ta zaure shi mace ke sarrafawa. Leda da lemon kwalba da dunƙulen miya da fiya-fiya duk a hannun maigida suke shigowa. Don haka yau da maza nake. Kuma kada wani ya ce zan ɗora masa sayayya a wannan tsadar rayuwa, yawancin abin da zan ambata ragin kashe kuɗi ne.

Ka tsaya bakin babbar kasuwa da hantsi ka bi magidanci ɗaya da ido. Mai tumatir ya zuba masa a leda, mai attaruhu da tattasai ya ba shi wata, mai albasa wata, mahauci ya ninka masa biyu don kada jini ya ɗiga masa a riga, manja ƙulli a leda, gishiri a leda, sannan ya yafito yaro mai tallar leda ya sayi babba ya haɗa su duka. Kafin la'asar sun zama shara. Mahaifina da sanho yake zuwa kasuwa, sanho ɗaya kuma ya yi masa shekaru. Ban ce kowa ya koma sanho ba, mai babur ba zai ji daɗin riƙonsa ba. Amma buhun shinkafar da ya ƙare, tela zai mayar maka da shi jaka mai hannu biyu a kan kuɗi kaɗan, ka rataya a babur ko keke. A cikinta ka ajiye kwano ɗaya mai murfi na nama da kwalba ɗaya ta mai. Ranar farko mahauci zai yi maka dariya, ya ce, "Alhaji, yau kuma da kwano aka zo?" Daga baya shi zai riƙa miƙo hannu tun kafin ka yi magana, don ledar nan shi ma da kuɗinsa yake saye.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ledar abinci mai zafi. Da sassafe ka duba layin yara wurin mai koko a kowace unguwa, daga Ƙofar Marusa har Sabuwar Unguwa. Ana kwarara koko yana tururi a farar leda, ledar tana yin laushi tana miƙewa, a ƙulle bakinta, ƙosai daga kasko ya wuce baƙar leda da mansa. Yaro ya je gida ya huda gindin ledar da haƙori ya tsotsa. Da rana a malmala tuwo a leda a jera a kula. Alala kuwa a cikin ledar ake dafa ta, tana tafasa tare da ita. Leda daga man fetur ake samo ta, ana kuma haɗa ta da wasu sinadarai, zafi da maiƙo kuwa su ne ke sa irin waɗannan sinadarai su bar leda su shiga abinci. Baƙar ta fi muni, don galibi daga tsofaffin robobi da aka narka ake yin ta, ba a yi ta don ta taɓa abinci ba tun asali. Ban ce wanda ya sha kokon leda yau gobe zai kwanta asibiti ba. Abu ne na yau da gobe, kuma waɗanda suka fi sha su ne ƙanana.

Maganin wannan yana cikin kwandon wanke-wanke na kowane gida: jug ko kofin silba mai murfi don koko, langa don ƙosai, gwangwanayen alala da iyayenmu ke shafa wa mai su jera a tukunya. Tuwo a kwashe da mara, a jera a kwano mai murfi, kamar yadda aka yi shekara da shekaru ba wanda ya kwana da yunwa. Na tambayi mai ɗakina dalilin da ya sa mata suka rungumi leda haka, ta ce, "Malam, tuwon leda ba ya bushewa, ba ya manne wa kula, kuma ba kai ke wanke kwanukan ba." Gaskiyarta. Zan dawo kan wannan magana tata, don a nan gizo ke saƙa.

Akwai kuma ɗabi'ar hura wuta da leda. Gawayi ya ƙi kamawa, kananzir ya yi tsada, sai a cusa leda ko guntun tsohon silifa a ƙyasta ashana, mace ta sunkuya tana fifita da goyo a bayanta, baƙin hayaƙin nan mai ɗaci yana shiga ƙirjinta da na jaririn. A kan wannan wutar kuma za a gasa masara ko a ɗora shayi. Totuwar masara da ɓawon gyaɗa da ƙirare da busasshen kara duk suna kama wuta nan da nan. Buhu ɗaya na totuwa da ka roƙa a ƙauye bayan girbi zai kai gida watanni. Haka ma tara shara a ƙofar gida a banka mata wuta da magariba, unguwa ta turnuƙe, masu asma su kwana zaune.

Da ina duba nama a mayanka, abin da na gani ya isa ya sa mutum ya tsani leda har abada. A kawo tunkiya ko saniya, ƙashin baya a waje, gashi a tashe, ciki kuwa ƙato kamar mai juna biyu. Mai ita ya ce ya ba ta dusa da harawa da maganin tsutsa, ta ƙi ƙiba. Idan aka farka tumbi sai a zaro dunƙulen leda, ta haɗu da igiya da tsumma ta nannaɗe kamar gammo, ta yi tauri har wuƙa ba ta shigarta da sauƙi. Wani lokaci sai an sa hannu biyu a ɗaga. Dabbar tana jin ƙanshin miya ko gishiri a jikin leda ta haɗiye, ledar ba ta narkewa, ta cika wurin da abinci zai zauna, dabbar tana ci tana ramewa. Duk wanda ke shakka ya tambayi kowane mahauci. Yawancin awakin da ke yawo a lungunanmu na mata ne, su ne asusunsu na ranar biki ko rashin lafiya. Ledar da ka shigo da ita da safe, ita ce za ta kashe akuyar matarka ko ta rame maka ragon layya.

Ragowar kuma ta tafi kwata. Idan damina ta kankama a watan Agusta, leda da yashi su toshe kwalbati, ruwa ya rasa hanya ya dawo lungu, ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zauna. Na san gwamnatoci na iya hanawa. Ruwanda ta haramta ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Legas ta hana robar kumfa ta zuba abinci a farkon 2024. Amma ni da na yi zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 da 1985, na ga yadda tsaftar tsoron hukuma take. Mutane sun share gari fes muddin ana tsaye a kansu, da aka ɗauke ido aka koma gidan jiya. Kuma in an tashi kame, yaron da ke tallar leda a kasuwa za a fara damƙewa, alhali kai da ni ne masu saye.

Yanzu ruwan sha, wanda shi ne asalin aikina. Ruwan leda ya shigo mana ne wajen shekarun 1990, kuma ban zargi kowa da ya koma gare shi ba, don mutane sun gaji da ruwan da ba su yarda da shi ba. Amma a yi lissafi. Jaka ɗaya ƙulli 20 ce. Gidan da ke shan jaka biyu a rana yana zubar da leda 40, a wata guda 1,200, ban da kuɗin. Kuma jakunkunan nan sukan yini a rana a bakin shago ko bayan mota kafin su iso gare ka, shi ya sa wani lokaci kake jin ɗanɗanon roba.

Randa ba ta neman lantarki. Jikinta yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta nan, iska ta busar da shi, busarwar ce ke janye zafin ruwan da ke ciki. Shi ya sa a bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da iskar Katsina ta bushe ƙarau, randar da ke inuwa a kan jiƙaƙƙen yashi take ba da ruwa mai sanyin da ba ya sa ciwon maƙogwaro. Sai dai ni ba zan yi wa randa kirarin da ba ta cancanta ba, don na kifar da randuna da yawa a gidajen mutane, an kuma zage ni a kai. Randa marar murfi gidan sauro ce. Ka haska tocila ka ga 'ya'yansa suna wutsil-wutsil, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma sun yi fiffike. Irin sauron da ke haihuwa a randa da tsohuwar taya shi ne mai ɗauko zazzaɓin shawara, dalilin da ya sa tun zamanin Turawa duba-gari ke fara leƙa randa kafin komai. Sannan ga moɗa. Yaro ya fito daga masai bai wanke hannu da sabulu ba, ya tsoma moɗa har wuyan hannu, ya sha, ya mayar da ragowar, ya ajiye ta a ƙasa. Haka amai da gudawa ke zagaye gida guda cikin kwana biyu. A 2021 cutar ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya, kuma Katsina na cikin jihohin da suka ji jiki.

Don haka in za a koma randa, a koma da sharaɗi. A tafasa ruwan ko a sa masa sinadarin kulorin daidai yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Alam da garin ƙwayar zogale suna kwantar da laka ne kawai ruwa ya yi garau, ba sa kashe ƙwayar cuta, kada haskensa ya ruɗe ka. A rufe da faifai ko murfi mai kamawa. A juye a wanke ciki duk mako. A sami ludayi mai dogon hannu da ake ratayewa, na ɗiba kawai, kowa ya zuba a kofinsa. Wanda ya fi duka shi ne ka kai wa mai ginin tukwane kan famfo na roba ta huda masa gurbi a gindin randar tun tana ɗanya, a dasa shi bayan an gasa ta, ka ɗora a kan dakali, hannu ya daina shiga gaba ɗaya. Tulu mai ƙaramin baki ma yana wannan aikin, tunda tsiyayawa ake yi.

Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya ɗauki wannan hikimar ta randa ya yi wa matan karkara firji da ita, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tukunyar ƙasa ce ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye inda iska ke kaɗawa. Tumatir da tattasai da yalo da za su yi laushi cikin kwana biyu ko uku sai su haura mako garau. A gidana akwai ɗaya a gindin bedi. Ba ta aiki sosai a tsakiyar damina saboda iska ta jiƙe, kuma ba a ajiye nama ko kifi a ciki. Amma ga mai sayen kayan miya da ɗan yawa ranar da suka yi araha, ta biya kuɗinta tun a watan farko. Abin mamaki, Turawa sun san sunan mutumin nan, mu maƙwabtansa da yawa ba mu taɓa jin labarinsa ba.

Sai tukunyar miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin burodi da yaji da komai. Dunƙulen miya kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. A jefa huɗu ko biyar a tukunya, a ƙara gishiri, a kawo yaji shi ma da nasa dunƙulen a daka a ciki. Sannan mu cika layin masu hawan jini a asibiti muna cewa gado ne. Wa ke fara ture kwano ya ce miya ba ta ji ba? Mu ne. Mace tana zuba dunƙule ne don gudun maganarka, musamman inda akwai abokiyar zama da ake gwada hannunsu. Ka ce da bakinka a rage, a riƙa cire ɗaya-ɗaya, a ƙara daddawa ta kalwa mai kyau da albasa da tafarnuwa da citta da ɗan busasshen kifi. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har ka ci miyar waje ka ji ta yi maka gishiri. Gishirin da za a saya kuwa a nemi mai sinadarin aidin, saboda maƙoƙo. Miyar kuka da busasshiyar kuɓewa dama da daddawa aka san su.

Baƙo ya zo, ka leƙa waje ka kira yaro ya sayo lemo, don kada a ce ka rena shi. Kwalba ɗaya ta baƙin lemo tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi tara, alhali hukumar da na ambata tana ganin ya fi kyau mutum ya tsaya a wajen shida a yini. Zoɓo da citta da kanumfari, ko kunun aya da dabino, ko jiƙon tsamiya, ko fura da nono, duk sun fi mutunci a kofi. Amma zoɓon da aka antaya wa gwangwanin sukari bai fi lemon da komai ba, mazarƙwaila ma sukari ce. Kuma ina jan kunne game da na sayarwa a robobin da yara ke tsintowa daga bola da wuraren biki, har da harabar asibiti, a ɗauraye da ruwa ɗaya a ɗura. A yi a gida. Kuɗin tara da kake ba yaro ya sayi alewa da biskit, kowanne da ledarsa, in aka mayar da shi gyaɗa ko aya ko dabino ko dafaffen dankali a ɗan kwano, ya fi riƙe masa ciki har a tashi.

Hayaƙin girki kuwa ba tsohon abu ne da za a yi kewarsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida tana kashe mutane wajen miliyan 3 a shekara a duniya, kuma wanda ya yini a madafi shi ya fi shaƙa. Dubi rufin madafin gidanku, baƙin da ke jikinsa irinsa ne ke shiga huhun mai girkin. Wanda Allah ya hore wa, gas ya fi, ko ƙaramar tukunya ce a riƙa dafa shayi da ɗumame da ita. Wanda bai da hali, murhun duwatsu uku shi ne babban ɓarawon itace, don yawancin zafin ta gefe yake tserewa. Murhun laka da ke rungume gindin tukunya, mai ƙofa ɗaya ta sa itace, yana rage ci da hayaƙi sosai, mace mai hannu za ta gina shi da yumɓu da kashin jaki a yini ɗaya. A shiyyar Daura an yi wani shiri da tallafin Tarayyar Turai da ya yaɗa irin waɗannan murahu a ƙananan hukumomi bakwai, saboda haka masu iya ginawa suna nan kusa. Sauran dabarun ƙanana ne: busasshen itace, murfi a kan tukunya, jiƙa wake tun dare, girki inda iska ke wucewa. Akwai kuma ta kwando: shinkafa ko wake ya tafasa sosai, a sauke da murfinsa, a cusa a kwandon da aka shimfiɗe da tsofaffin zannuwa, a lulluɓe, ya ƙarasa nuna da zafinsa ba tare da an ƙara ko sanda ɗaya ba. Da sanyin hunturu kuma, don Allah kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, barci kawai take ƙara wa mutum, wani ba ya farkawa.

Duk motar itace da ta shigo gari, wani daji ne ya ragu a jihar da hamada ke leƙowa ta arewa. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980 suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututture a gona, su rage rassan su bar masu ƙarfi, har gawo da sauran itatuwa suka dawo a miliyoyin kadada. A cikin gida ma akwai abin yi. Inda ake alwala a dasa zogale biyu, ruwan da ke malala banza ya ishe su, ganyen kuma ya shiga kwaɗo da dambu.

Fiya-fiya guba ce ta feshin gona da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe, mu kuma muna yayyafa ta a ɗakin da jariri zai kwana, muna ajiye kwalbar inda yaro zai ɗauka. Gidan sauro mai magani da ake rabawa kyauta ya fi ta aiki, in dai an ɗaura shi a kan gado, ba a kewaye lambu ko rufe kaji da shi ba. Raga a taga aikin kafinta ne na yini ɗaya. Wasu har a buhun wake suke zuba irin wannan guba don ƙwari, abin da ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen waken Najeriya a 2015. Su sun ƙi, mu muna ci. Ga buhun PICS da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje. A busar da wake sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowanne daban, ƙwarin su rasa numfashi su mutu. Shi ma leda ne, amma irin wadda ake mora shekara da shekara in ba ta huje ba. Jarka mai murfi da aka cika taf aka toshe tana yin wannan aikin ga mai 'yan tiyoyi.

Ƙunzugun zamani na yarwa ya cika mana bola, wasu kuma a masai suke jefawa, ramin da zai yi shekara goma ya cika a uku, masu kwashewa su ƙara kuɗi. A bar shi don tafiya da dare, da rana a gida a yi amfani da na tsumma. Tocila mai cin batir a maye ta da fitila mai cajin rana, a huta da matattun batura da yara ke fasawa suna wasa da baƙin cikinsu. Biki da suna da sadakar azumi ma a duba. Da langa ake aika abinci gidan maƙwabta, a juye a dawo da ita, wani lokaci da ɗan tukuici a ciki. Kunun buɗa-baki da ake ƙullawa ɗari-ɗari a leda a kai masallaci, babban bokiti mai murfi da kofunan silba za su yi, matasan unguwa su wanke bayan tarawihi su ma su sami lada.

Na ce zan dawo kan maganar mai ɗakina. Kusan duk abin da na lissafa yana ƙara wanke-wanke da wanki: kwanon nama, jug ɗin koko, gwangwanin alala, randa, ƙunzugu. Ruwa kuma a unguwanni da yawa na birnin nan sai an saya wurin 'yan ga-ruwa. Magidancin da ya karanta wasiƙar nan ya shiga gida ya kafa doka, "daga yau ba leda," bai ƙara ko jarka ɗaya ba, bai ƙara sabulu ba, ya zalunci matarsa, kuma dokar ba za ta kai Juma'a ba. Kuɗin da ka rage na ruwan leda da lemo da dunƙule, ka mayar da shi jarka biyu da sabulu. Samarin da ke zaune a dakalin ƙofar gida da waya a hannu, a ba su wankin randa ranar Asabar da kai jug wurin mai koko. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa aikin gida, babu ɗan da ya fi ƙarfin ɗauraye kwano. Kuma kada a ɗauko duka a rana ɗaya. A fara da jakar cefane da kwanon koko, in sun zauna a ƙara wani.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka tura wakilinka wurin mata masu ginin tukwane a ƙauyukan da ke kewaye da Katsina da Daura, ya jiyo nawa randa take yanzu, nawa za su dasa mata famfo, wace ranar kasuwa ake samunsu, ku buga mana da hotuna. Da yawansu sun tsufa, 'ya'yansu kuma ba sa koyo saboda ciniki ya ja baya. Limamanmu na Juma'a su ma ina roƙon su ware huɗuba ɗaya kafin damina a kan kwata da leda, tunda a sahun gabansu masu cefanen suke zaune.

Wassalam.

Naka,
Tsohon duba-gari,
Ƙofar Marusa, Katsina.